Farar Ƙasar Baba

A gidanmu mu biyu ne masu fenti: ni da nake ɓata bango, da Baba da ake biyansa ya gyara. Shi ma'aikacin hukumar tsaftace gari ne, sashen shafe katangu. Ni kuwa tun ina ɗan shekara sha shida nake yawo da gwangwanayen feshi a jaka, har unguwa ta raɗa mini suna Ɓata-Bango. Na zana bunsuru sanye da kwat a katangar kasuwa. Na zana shugaban 'yan tasi yana sharar barci a kan sitiyari, ban rubuta suna ba, amma har matarsa sai da ta zo kallo ta ce wallahi shi ne. Duk abin da na zana, kafin sati ya zagayo Baba ya iso da tsani da bokiti ya mayar da wurin fari fat.

Abin takaicin, ba mu taɓa yin maganar ba. Sai mu zauna cin abinci, farcena shuɗi da ja, nasa fari, Inna tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Allah ya shirye ku, ku duka biyun." Shekara tara muna haka. Ba zan ɓoye ba, na ji haushin mutumin nan har cikin ƙashina.

Wata rana aka haɗa ni da wata mata mai gidan baje zane-zane, wadda ma'aikatanta ke kira Madam Tabarau a bayan idonta. An ba ta aikin ƙawata bangon sabon ɗakin karatu, hawa uku, tana neman mai zane, kuma wanda ta ɗauka ya shiga cikin masu zanen gidan nata ke nan. Na miƙa mata wayata ina ta fankama. Ta leƙa hotunan ta saman tabarau ta turo mini abata.

"Malam, hoton waya ai ko ni zan iya tsayawa gaban bangon wani in ɗauka. Ka kai ni in ga aikinka a tsaye, da idona. Jibi da safe. In babu, akwai mutum huɗu a layi."

Na fito na zaga gari da ƙafa, kasuwa, tasha, bayan makaranta, gindin gada. Ko wutsiyar bunsuru Baba bai bar mini ba. Sabon zane mai girman da take so kuwa sai ya ci kwana goma. Ina isa gida na tarar da shi ya tanƙwashe ƙafa yana cin abinci hankali kwance, sai bakina ya ƙwace.

"Baba, ka huta. Ka shafe ni tas. Aikin da na samu ya tafi, sai ka je hukuma su ba ka lambar yabo."

Inna ta ce, "Kai! Ubanka ne fa." Shi ko bai ɗago ba sai da ya suɗe hannu ya wanke. Sannan ya sa na maimaita masa abin da matar ta ce.

"To wanne ka fi so ta gani?"

Na yi dariyar rainin hankali. "Mai ɗinkin bayan tasha. Wadda ka binne shekara uku da suka wuce."

Inna ce na zana a wurin, zaune a kan keken ɗinkinta, tsayin hawa biyu, zaren ya zagaye bangon gaba ɗaya. Shi ne aikin da na fi ƙauna, kuma kwana huɗu kacal ya yi a duniya.

Baba ya ce, "Jibi ka kai ta can."

Na kai ta ne kawai don ba ni da wata ƙaryar da zan yi. Muna isa na hango Baba a kan tsani cikin rigar aikinsa mai tambarin hukuma. Ya aro tiyo a wurin masu wankin mota, ga ƙaton soso a hannunsa. Ya feshe bangon da ruwa ya shiga gogewa. Farin ya fara gangarowa kamar an zubar da madara, can sai ga ido ɗaya ya leƙo. Idon Inna ne, da hararar nan tata ta zura zare a allura.

Na matsa na taɓa bangon, farin ya biyo yatsana. Fentin hukuma na mai ne, in ya kama bango ko da wuƙa ba ya fita.

Baba ya ce daga sama, bai ko juyo ba, "Bangon sauran 'yan iskan na mai nake sa musu, shafi biyu. Naka farar ƙasa ce, ba gam. In an yi ruwan sama sai in dawo in ƙara kafin Ogan sashenmu ya gani. Kuma ƙafar keken nan a karkace ka zana ta. Shekara uku tana damuna."

Madam Tabarau ta cire tabarau ɗin. Ta ja da baya har tsakiyar titi, masu babur suna zaginta ba ta ji ba. Da fuskar ta fito gaba ɗaya, ta ce, "Litinin ka zo ofis ka sa hannu. Ka taho da wankakkiyar riga."

Ban gama jin daɗin ba motar hukuma ta ci birki a gabanmu. Farin ruwa ya malale titi, jama'a sun yi dafifi, dole labari ya kai. Oga ya diro yana huci.

"Dattijo, ka haukace ne? An ɗauke ka ka shafe, ka zo kana wankewa? Ashe duk farar ƙasa kake shafa mana?"

"Ba duka ba, ranka ya daɗe. Talatin da ɗaya ne kawai."

Ni kaina ban san yawan zanena ba sai ranar.

"Sauko ka ba ni rigar nan. Ka gama aiki da mu."

Saura shekara biyu Baba ya yi ritaya. Na matsa zan roƙi Oga, Baba ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya sauko a hankali, ya tuɓe rigar, ya ninke ta tsaf ya miƙa. Ya tsaya daga shi sai singileti, kafaɗunsa duk ƙashi, ban san sun rame haka ba. Kunya da tausayi suka kama ni, na rasa ta inda zan fara ba shi haƙuri.

Ya ɗauki sosonsa ya dubi bangon, ya ce, "Saura hannun uwarka. Riƙe mini tsanin."

Na riƙe da hannu biyu ya hau. Tsanin sai rawa yake yi, shi kuwa yana ta faɗa daga sama wai in tsaya da kyau kar in kayar da shi.