Katin Ayuba

Sabon faston cocin da ke bayan kasuwar Warra ya zo da wani tsari. Tun da ambaliya ta koro mutanen tsibirai zuwa gari, coci ya cika da fuskokin da ba a sani ba, kuma da an tashi sujada kowa sai ya nufi nasa. Fasto ya sa aka yanka kwali, aka rubuta wa kowa sunansa, ya rataya a wuya da zare. Lami, shugabar Zumuntar Mata, ita aka ba bakin ƙofa: ta duba kati, ta gai da mai shi da sunansa.

Aikin ya tafi daidai, in ban da mutum guda. Wani masunci ne dogo, cikin waɗanda ruwa ya tasa, katinsa na ɗauke da sunan Ayuba. Duk Lahadi Lami takan ce, “Sannu da zuwa, Rifkatu,” “Sannu da zuwa, Malam Bitrus.” In ta zo kansa sai ta dubi ƙasa ta ce, “Sannu da zuwa, bawan Allah.”

Mutanen Warra sun san dalili, shi ya sa babu wanda ya ga abin magana. Ayuba sunan ɗan farin Lami ne, mai aikin walda a Kontagora, kuma uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Baƙon bai san tana da ɗa ba. Abin da ya gani kawai, kowa na da suna a ƙofar nan ban da shi. Wata Lahadi ya cire katin, ya ajiye a kan benci, ya fita kafin addu'ar rufewa. Daga nan bai sake zuwa ba.

Ranar kasuwa Lami ta same shi a bakin ruwa yana ɗinkin taru. Ta miƙa masa katin.

“Ka bar kayanka a coci.”

“Ba nawa ba ne, Inna. Da nawa ne da an karanta shi.” Bai ɗago ba. “In ƙarnin kifi ne, ku hwaɗa mini in san inda zan nufa.”

“Ƙarnin kifi? Ni da na girma a gaban murhun banda?”

“To mi na yi miki?”

“Sunanka na ɗana ne, na fari. Tun da aka raɗa masa bakina bai taɓa kama shi ba. Ba a ƙofar coci zan fara ba.”

Ya ajiye allurar.

“Ai da kin gaya mini.”

“In gaya maka in kira ka da wa?”

Ya yi dariya, gajeriya. “Innata ma haka take. Ni ne na farinta.”

“Mi take ce maka?”

Ya dubi tarun da ya yage, ya dubi kwalekwalensa mai faci uku.

“Maikuɗi.”

“Allah ya amsa bakinta.”

“Muna nan muna jira.”

Lami ta ari biro wajen wata mai awon shinkafa, ta juya kwalin, ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe.

“Fasto zai ce ba shi ne na baftisma ba,” in ji shi.

“Fasto ba shi ke tsayuwa a ƙofa ba.”

Ya goge hannunsa a wando, ya karɓa, ya sa shi cikin hularsa don kada ya jiƙe.