Kaskon Goggo Safara'u a Cikin Farin Dutse

Kai mai karatu, kada ka ce ba ka nan. Kana cikin masu zaman dakali a Unguwar Kanawa ran nan, kuka ga abin da kyanwa ke yi, kuka kau da kai kamar magana za ta yaga muku riga.

Datti akawu ne a wani ofishin gwamnatin Jihar Arewa. A wajen nunin sana'o'i ya ga wani Bature ya kwaɓa farin garin nan da likitoci ke ɗaure karaya da shi, ya zuba a kan kofi. Da ya bushe ya raba shi biyu, sai ga gurbi, a cika da laka a yi ta fitar da kofuna iri ɗaya. Datti ya dawo gida kansa na hayaƙi. Goggonsa Safara'u ya tuna, wadda duk unguwa ba mai gina kaskon turare kamarta, ga hannunta ya fara rawa. Guda ɗaya tak ya rage mata, mai zanen ƙafar kaza a wuya. Da ƙyar ta ba shi aro, ta ce in ya ko kwarzane, to ya nemi wata goggon.

Baturen ya ce a shafa sabulu tukuna don kada garin ya kama. Datti ya ga sabulu ai na wanki ne, kayan Goggo ya fi ƙarfinsa, ya mulke kaskon da man shanu ciki da waje. Aka kira la'asar, ya bar shi cikin akwatin katako a ƙofar gida, ya tafi masallaci. Kyanwar maƙwabta ta zo ta lashe shi tas. Mutanen dakali suka ce ɗan boko ne, wataƙila haka littafin ya ce.

Ya dawo ya zuba kwaɓinsa. Da ya bushe ya cire katakon, sai ga farin dutse, ya ƙi rabuwa. Ya ja, ya lallaɓa, ya tofa abin da ya sawwaƙa. Yana neman guduma da kurfin sassaƙa sai ga Goggo da sandarta a gajiye, ta ga abin zama fari fat, ta zauna.

"Ashe bokon nan naku da amfani, ɗan nan. Kujera ba girgiɗi. Ina kaskona?"

"Yana kusa, Goggo."

"Kusa ina?"

"Kusa ƙwarai."

Ta ce ba inda za ta sai ta gan shi da idonta, ta aika a kawo mata goro. Datti ya durƙusa a gabanta, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya rasa bakin da zai ce mata ta ɗaga.

Kai mai karatu, zaman dakalin ya ishe ka haka. Tashi ka ɗauko tabarma, ka yaba mata inuwar zaure har ta sauka, sannan ka zo ka riƙe wa Datti kurfi, a hankali.