Bargon Gidan Odile

Sharaɗin da Ginette ta gindaya wa mahaifiyarta Odile a fili yake: idan hunturun bana ya wuce lafiya, Odile za ta ci gaba da zama a gidanta. Idan kuwa aka samu matsala ko guda, sai gidan tsofaffi na garin Caribou, inda tuni Ginette ta je ta ga ɗaki, har tana yabon labulensa.

Odile ba ta tsaya gardama ba, shiri ta kama. Tun kaka ta sa maƙwabci ya jera mata rassan bishiyar fir a gindin bango, kewaye da gidan, yadda marigayi mijinta Armand ya saba. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ta riƙa tura ta kan rassan da shebur, yau kaɗan gobe kaɗan, ƙugu na ciwo tana zaginsa, har tudun ya kai ƙasan taga. Kowa a arewacin jihar Maine ta Amurka ya san amfanin abin. Dusa cike take da iskar da ta maƙale, zafi kuma ba ya saurin ratsa iskar da ba ta motsi. Ɗumin da ƙasa ke fitarwa sai ya tsaya a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, wurin bututun ruwa da buhunan dankali, maimakon ya bi ta dutsen bango ya tsere waje.

A watan Janairu Ginette ta zo dubiya da mijinta Curtis, mutumin jihar Georgia, can kudu inda ba a saba da dusar ƙanƙara ba. Curtis yana da kirki, irin kirkin nan da ba ya tambaya kafin ya yi maka. Ranar Lahadi Odile ta bi maƙwabta zuwa coci, ta tsaya cin abinci a can. Da ta dawo da la'asar sai ta tarar da gindin gidanta tsirara, dutse baƙi a fili, an share shi tas.

"Mama, kin ga aiki?" in ji Curtis, yana jingine da injin kwashe dusa da ya aro, gumi na tururi a kansa. "Saura kaɗan ƙanƙara ta haɗiye miki gida. Rassan ma na kai su juji."

"Ka tuɓe wa gida riga a tsakiyar hunturu, kana jiran in ce na gode?"

Ya yi dariya. "Ginette, ji Mama. Wai ƙanƙara ce ke ɗumama gida."

"Ba ɗumamawa take ba, sarkin aiki, tare ɗumin take. Ginette, gaya masa."

Ginette na tsaye a bakin ƙofa da kofin kofi. Ta duba cikin kofin. "Shigo ciki, Mama, kin gaji."

Odile na cire takalmi ta ji Curtis yana raɗa wa matarsa, "Kin gani ko? Ta fara ruɗewa." Maganar ta yi mata ciwo, amma shirun Ginette ya fi yi mata ciwo.

Kafin faɗuwar rana iskar arewa ta taso, ma'aunin zafi na jikin taga ya yi ta sauka. Odile ta ɗauki shebur ta fita. Injin ya watsa dusar can nesa da bango, ɗauka kaɗan ta yi ƙugun ya ce bai san zance ba. Ta koma ta bar famfon kicin yana ɗiga, don ruwan da ke tafiya ba ya saurin daskarewa. Curtis ya gani, ya rufe mata shi, saboda kirki.

Da safe famfo ya yi tari, bai kawo komai ba. Ruwa idan ya daskare kumbura yake, kuma bututun da ke jikin bangon arewa ya tsage tun daga inda ya lanƙwasa. Da rana ta ɗaga, ƙanƙarar ciki ta saki, ruwa ya malale ɗakin ƙasa. Dankalin da ke kusa da bango ya daskare ya zama duwatsu.

"Tsohon gida kenan," in ji Curtis da tausayi. "Allah ya sa muna nan." Ya fita neman mai gyara.

Odile ta zauna a matakala tana kallon buhunan cikin ruwa. Ginette ta sauko ta yafa mata mayafi a kafaɗa.

"Kina 'yar mitsitsiya ke ce mai tattake dusar," in ji Odile, ba ta juyo ba. "Babanki na turowa, kina tsalle a kai da jan takalminki. Ba ki manta ba."

"Ban manta ba, Mama."

"Kina gida Curtis ya kunna injin."

"Ina bakin taga, ina kallo."

Ruwa na ta zuba a ƙasa. Ginette ta gyara mata mayafin, ta rufe mata wuya da kyau.

"Ɗakin can na Caribou akwai ɗumi, Mama," ta ce. "Bari in sauko miki da akwati."