Sunan Nayeli a Ranar Gayya

Asabar ɗin farko ta kowane wata iyayen yara ke yin gayya a ƙaramar sakandaren garin. Da sunan ɗalibi ake kiran kowane gida, wanda ya zo daga gidan ya amsa. Shekara biyu Doña Eufrosina tana amsa sunan jikarta Nayeli, har watan jiya da uwar yarinyar ta zo ta tafi da ita can birnin Monterrey.

Duk da haka yau ma ta yafa mayafinta, ta zo da tsintsiya, ta tsaya a gindin lemon da ta saba tsayawa. Don Crispín, shugaban iyaye, ya bi takardarsa yana kiran sunaye har ƙasa, ya ninke.

Ta ce, "Kai Crispín, ka tsallake mutum."

"Haba Iya, ai an cire ta. Je ki huta, gwiwoyin nan naki sun sha wahala."

"Gwiwarka ko tawa? A filin nan na san ka kana yawo ba wando. Buɗe takardar nan!"

Mata suka fashe da dariya, ban da ita. Idonta na kan tagar aji biyu, wadda yarinyar kan goge tana yi mata gwalo. Wata guda ke nan ba ta ji sunan a bakin kowa ba.

Crispín ya dube ta, ya buɗe takardar da babu sunan a ciki, ya gyara murya.

"Nayeli Santiago Cruz!"

"Tana nan," in ji tsohuwar, ta sunkuya ta fara shara.