Hular Ranar Rantsuwa

Hajiya Dije ta juya hular a hannunta, ta kai ta kusa da idonta, sa'an nan ta haƙura da ido ta koma ga yatsu. Ma'u, matar ɗanta, tana durƙushe a gefen tabarma tana kallon babban yatsan tsohuwar yana bin ɗinkin. Daga bakin hular ya hau jikinta, daga jiki ya nufi sama. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya cik.

"Mene ne wannan?"

"Ɗinki ne, Hajiya."

"Ai na san ba tuwo ba ne. Ɗinkin wa?"

Ma'u ta sunkuyar da kai.

Duk unguwar Sheshe an san Hajiya Dije da zanen hula guda ɗaya, wanda take kira ganuwa: layi ne mai hawa da sauka kamar katangar gari, da 'yan ƙofofi a tsakaninsa. Kakarta ce ta fitar da shi, ta koya wa uwarta, Hajiya kuma ta shigo da shi gidan nan ranar da aka kawo ta amarya. Allah bai ba ta 'ya mace ba. Da idonta ya fara hazo, dole ta sa ta zaunar da Ma'u ta koya mata, tana yi tana mita. Yanzu ga sojoji za su koma bariki, ɗanta Lawal ya ajiye allin makarantar firamare ya ci zaɓen kansila, kuma gobe za a rantsar da shi. Hajiya ta daɗe da yanke cewa da ganuwa zai tsaya a gaban jama'a. Ita ta zaɓi zaren da kanta, da shafa, ta miƙa wa Ma'u.

Ma'u ta ɗinka ganuwar daidai, babu ƙofar da ta karkace. Amma saman hular, inda aka saba barin da'ira kawai, can ne hannunta ya ƙi tsayawa. Mahaifiyarta, Inna, ta rasu bara a rugarsu ta gabashin Ɗambatta. Mace ce da ba ta taɓa riƙe allura ba, sai dai in ta ɗora wuƙa a garwashi ta zauna da ƙwarya a cinya, takan zana siraran layuka masu tasowa daga baki su haɗu a gindi, kamar hanyoyin shanu in sun nufi mashaya. Waɗannan layukan ne Ma'u ta mayar zare. Ta fito da su daga tsakiyar hular, ta gangaro da kowanne ya shiga ta ƙofa guda ta ganuwar.

"Na gane shi," in ji Hajiya. "Na sha shafa irinsa a wajen masu tallan nono. Wato kan ɗana ne ya zama ƙwaryar fura?"

"Ba haka nake nufi ba, Hajiya. Na ga wurin fili ne..."

"Fili! Ku dama ba ku ganin fili ku ƙyale. Kakata ta bar shi fili, uwata ta bar shi fili, sai ke, da aka ɗauko daga bayan saniya, ke ce kika ga abin da suka manta? Na ba ki amanar mutanen da suke kabari, kin kora musu shanu a ciki."

Ma'u ta ɗago kai. Tun zuwanta gidan ba ta taɓa mayar wa tsohuwar magana ba.

"Ni ma tawa tana kabari, Hajiya."

"To, ki kai mata can. Tashi ki warware min shi. Kafin azahar nake so ta tafi wajen mai wankin hula, in ba haka ba ba za ta bushe ba."

Ta jefo hular, ta faɗi a kan gwiwar Ma'u.

A ɗakinta Ma'u ta zauna a bakin gado da reza a hannu. Daga zaure ana jin hayaniyar magoya baya, waɗanda tun safe suke shan shayi suna raba muƙaman da ba a ba su ba. Ta ɗaga ido ta dubi ƙwaryar da ke saman jerenta, ita kaɗai ce rabonta da aka raba kayan Inna. Ta sa bakin rezar a ƙarƙashin zare ɗaya. Ta san abin da zai biyo baya: kowane layi da ta gangaro da shi, da zarensa ta ɗaure ƙofar da ya shiga. Mai haƙuri da ido zai iya raba su a hankali, ya sake ɗaurewa. Ita tana da idon. Abin da ba ta da shi shi ne hannun da zai yanka.

Ta fito, ta durƙusa, ta ajiye hular da rezar a gaban Hajiya.

"Har kin gama?"

"Ban fara ba. Ga reza nan kusa da hannunki na dama. Duk abin da kika sa ni a gidan nan na yi, amma wannan ba zan iya ba. In za a yanke, ke za ki yanke. Sai dai ki sani, zaren a haɗe yake. In kika ja nawa, ƙofofin za su biyo shi."

Hajiya ta lalubi rezar ta ɗauka. Yatsunta suka sake bin layin har inda ya shige cikin ganuwar, suka nemi inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, ba su samu ba.

"Da gangan kika yi. Kin san ba na gani."

"Wallahi lokacin da nake yi ban tuna da ke ba."

"Wannan ai ya fi muni."

Ana cikin haka Lawal ya yi sallama ya shigo, babbar rigarsa a saɓe, gumi yana bin wuyansa. Ya ga reza a hannun mahaifiyarsa, ya ga matarsa a durƙushe, sai ya rage tafiya. Hajiya ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari.

"Kai, zo nan. Tunda an ce yanzu kai ne mai raba gardamar unguwa, fara da ta gidanku. Dubi abin da matarka ta yi."

Ya karɓi hular ya jujjuya. "Ai ta yi kyau, Hajiya."

"Wane ɓangaren?"

Ya dubi Ma'u, ya dubi uwarsa. "Dukkan ɓangarorin suna da hujja. Abin da nake gani, mu bari a wuce gobe, sai a zauna a fahimci juna."

"Ba taron siyasa na kira ka ba. Da ƙwarya a ka za ka je, ko za ka sa ta ta warware?"

Ma'u ta ɗago. "Malam, ka faɗi gaskiya. In ba ka so, ka ce ba ka so."

Lawal ya yi gyaran murya, ya mayar wa Hajiya hular, ya sa hannu a aljihu ya zaro wata hula a cikin leda. Ɗinkin inji ce, mai sheƙi, launin tutar jam'iyyarsu.

"Dama abin da na shigo in faɗa ke nan. Shugabanni sun ce gobe iri ɗaya za mu sa, mu duka, saboda hoto. Wanda ya zo da daban, za a ce yana da wata manufa."

Hajiya ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta murza ta sau ɗaya tsakanin yatsu biyu, ta sake ta ta faɗi a ƙasa.

"Wannan ko buhun gishiri ya fi ta zare. Yaushe aka ba ka?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kana kallon yarinyar nan tana cinye idonta, ka yi shiru?" Sai kuma ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta juya wajen Ma'u da sauri. "Ke kuma kada ki ɗauka na bi bayanki. Da kin yi abin da aka sa ki, da ya ji kunyar ajiye ta."

Aka ƙwala wa Lawal kira daga zaure. Ya tsinci hularsa ta inji, ya kaɗe ta, ya fita kamar wanda aka ceto daga rijiya.

Hajiya ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki da hular da Ma'u ta ɗinka. Ma'u ta ji ƙarar murfin adaka, ta ji an murɗa makulli.

"Ba mai sa ta," in ji tsohuwar daga ciki. "Ba ta zuwa wanki, ba ta zuwa kasuwa. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama."

Aka kira azahar. Bayan ta idar da salla, Ma'u ta ɗauko sabon farin yadi da biro, ta sauko da ƙwaryar Inna. Ba ta zauna a ɗaki ba. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, daura da ƙofar Hajiya, ta kife ƙwaryar a gabanta ta fara zane. Wannan karon babu ganuwa ko ɗaya. Ƙanenta Gidaɗo yana da kai, kuma ba ya cikin kowace jam'iyya.

Da la'asar ta yi ta riga ta zura zare. Hajiya ta fito da buta, ta wuce ta kamar ba ta san da mutum a wurin ba. A dawowa ta tsaya a kanta. Ta sunkuya, ta fizgi yadin ba tare da ta nemi izini ba, ta bi layin farko da yatsa.

"Hular makiyaya," ta ce, ta tsartar da yawu gefe. "Kuma zaren ya yi sako-sako. Ja shi. Duk abin da zai fita daga gidan nan, ni za a zaga."

Ta sakar mata yadin a cinya, ta shige ɗaki. Ma'u ta ɗauki yadin. Ta naɗe zaren a yatsa, ta ja.