Inda Ƙafar Baba Zakiru Ke Zama

Wajen ƙarfe goma na safe ne, ruwan asuba ya kwantar da rairayi, gari ya yi luf, sai ga motar Elhaji Mamani mai fataucin hatsi ta shigo garejina. Baba Zakiru ke tuƙi. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar nan tsakanin Dakoro da Tagriss.

Suna sauka Elhaji ya karɓe makulli daga hannunsa ya miƙo mani.

"Huzaifa, duba ta don dai a ce an duba," in ji shi. "An sake buji, fulogin nan, an wanke tanki, har yau tana fizga. Ƙafar tsohon ga ce ta fara rawa. In ba ka ga komi ba, gobe wani za shi ja ta."

Baba Zakiru ya koma gefe. Ya sami tsohuwar taya ya zauna.

Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba, yaushe take yin abin?"

"Ba ta yi a tashi, ba ta yi a gudu. Sai na shiga rairayi na aje ƙafa wuri guda, sannan ta zabura kamar jakin da ƙuda ya ciza."

Maganar wuri gudan nan ta tsaya mani a rai. Na buɗe kapo, murfin injin. A maƙogwaron injin akwai wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, kaptar muke ce masa. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota iyakar inda aka taka totur, ita kuma ta auno esans, wato fetur, daidai. Na ɗauko mitata mai allura ta auna wuta, na laƙa ta a wayar da ke kai saƙon, na murɗa makulli ba tare da na tada injin ba. Allura ta tsaya a rabin bolt. Nan lafiya.

"Elhaji, ko za ka taimaka ka taka mani? A hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai."

Ya tattare riga ya shiga. Allura ta soma hawa sumul. Ta kai wajen ɗaya da rabi sai ta faɗo ƙasa, ta sake zabura sama. Na ce ya maimaita. Sau uku, wuri ɗaya. Na juya mitar yadda zai hango ta gilashi, ya taka na huɗu yana kallo.

Baba Zakiru, da ya taso ya leƙo, ya ce, "Ashe Elhaji kai ma tsufan ya kama ka."

Elhaji ya fito daga motar.

Ina da wani kaptar da na ciro daga wata mota da ta kife a hanyar Birnin Lalle. Na ɗaura shi, allura ta hau har huɗu da rabi ba gargada. Amma raina na son ganin cikin tsohon kaptar ɗin, sai na sa wuƙa na ɓare shi. Wata baƙar hanya ce a lanƙwashe, da ɗan harshen ƙarfe mai bin ta. Ko'ina baƙi wuluk, sai wuri ɗaya da bai kai ƙwayar dawa ba, ya cinye har ya yi fari.

"Mi ya ci nan?" in ji Elhaji.

"Zama wuri ɗaya, Elhaji. Mai rawar ƙafa da ya cinye ta ko'ina. Wannan ƙafar ba ta motsi."

Elhaji ya daɗe yana jujjuya abin a tafin hannunsa. Daga baya ya dubi Baba Zakiru ya ce, "To mi kake jira? Buhuna na can kasuwa."

Suna musun ko buhu nawa za ta ɗauka, na sunkuya cire mitata, na ga robar abin takawar ta siɗe, ƙarfe tsirara. Na yanko guntun tsohuwar taya na ɗaure a kai da waya. Baba Zakiru ya shiga, ya ɗora ƙafa, ya ɗan dubi ƙasa, ya tada mota suka fita.