Tambayar da Zaituna Ta Tsallake

Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ne ke sauraron Malam Ɗalha a yammacin nan, amma a zauren gidansa da ke Yakasai mutum biyu ne kawai: shi a kan buzu, da 'yarsa Zaituna a bayan wayar da ke watsa karatun kai tsaye. Shekara guda ke nan da ta lallashe shi ya yarda a riƙa ɗora darasin fiƙihu a intanet. Shi yana karantarwa, ita tana karanto masa tambayoyin da mutane ke turowa, bayan ta cire sunaye.

Ta karanta ta mai layya, ta karanta ta mai rabon gado. Ta uku ta zo daga wata lamba da ba ta sani ba.

"Malam, wata mata ce maƙwabciyarta ta kwanta asibiti, aka bar mata jariri kwana uku. Ta ba shi nono sau ɗaya. Yanzu yaron ya girma, zai auri ƙanwar ɗanta. Ya halatta?"

Zaituna ta karanta a zuci, ta sake karantawa. Saura kwana goma sha tara a ɗaura aurenta da Mikail, ɗan Hajiya Dije ta gidan da ke kallon nasu. Duk lungun an san Hajiya Dije ta yi jinya bayan haihuwarsa, kuma wata ɗaya aka haife shi da Salisu, yayan Zaituna.

"Kin yi shiru," in ji Malam.

"Sabis ne ya ɗauke, Baba."

Ta wuce zuwa ta huɗu.

Ba ta buƙatar a ba ta amsa. Ita ce ta riƙe wayar ranar da ya karanta babin shayarwa: tsotso ɗaya ya isa, muddin ya kai ciki, kuma duk 'ya'yan matar sun zama 'yan'uwan yaron. Abin da ba ta sani ba shi ne wanda ya turo, da abin da yake nufi da ita.

Washegari ta shiga gaida Hajiya Dije. Ta tarar da ita tana gyaran zogale.

"Amarya, kin rame. Ko karatun ne?"

"Lafiya lau, Hajiya."

"Ai kullum ina jin ku. Jiya ma na ji inda kika tsaya, na ce oh, wannan sabis ɗin namu."

Ta faɗa tana murmushi, idonta a kan faranti. Zaituna ta dubi wayar da ke kan tabarma kusa da ƙafar Hajiya. Ta tuna cewa tun farko Hajiya ta so Mikail ya nemi 'yar ƙaninta. Ta fito ba ta sha kunun da aka zuba mata ba.

Da azahar Mikail ya kira daga rumfarsa ta fatu a Kasuwar Kurmi, yana tambayar kalar labulen da take so.

"Layinka nawa ne?" ta ce.

"Ikon Allah. Bincike tun ba a kai ki ba? Ɗaya ne, ranki ya daɗe."

Ya yi dariya. Ta saurari dariyar da kyau, ta kasa gane ko ta yi tsawo fiye da yadda ya saba.

A darasin ranar saƙon ya sake zuwa, ta sake tsallakewa. A rana ta uku da hantsi ya zo da ƙari: "Mai karantawa, ki ji tsoron Allah. Ba sabis ba ne."

Tana tsaye a tsakar gida, ta danna lambar. Ta kasa kunne ta katanga, ko za ta ji ƙara daga gidan Hajiya Dije. Ƙarar ta fito daga bayanta, siririya, a ɗakin mahaifiyarta.

Ta ɗaga labule. Umma Safiya na zaune a bakin gado, tsakanin kwalayen kayan ɗakin Zaituna, wata ƙaramar waya mai maɓalli na ruri a cinyarta. Ba ta yi ƙoƙarin ɓoye ta ba.

"Umma."

"Kashe, kar babanki ya ji."

Zaituna ta kashe. Ta zauna a ƙasa.

"Kuka Mikail yake yi, har ya shiɗe," in ji Umma. "Salisu na wannan gefen, sai na sa shi a wancan. Ko uwarsa ban gaya wa ba. Ni duk zatona da Salisu kaɗai suka zama 'yan'uwa, tunda su suka sha tare. Haka muka taso muna ji. Ke ai ba a ma yi cikinki ba."

"Shekara ashirin da shida, Umma. A gidan malami."

"A zaure yake karatunsa, da maza. Yaushe na taɓa ji? Sai da kika kawo wayar nan. Ina tankaɗe na ji shi yana cewa har waɗanda za ta haifa daga baya. Rariyar ma faɗuwa ta yi."

"Me ya hana ki gaya masa?"

"In kalli idonsa in ce me? Na ce bari ya amsa mini kamar yadda yake amsa wa kowa. Wataƙila akwai wata ƙofa a littattafan nan da ni ban sani ba." Ta dubi 'yarta. "Akwai?"

Zaituna ta kalli kwalayen. A jikin ɗaya an rubuta sunanta da na Mikail da jan alƙalami.

Bayan la'asar ta kafa wayar a zaure, ta gyara ta har fuskar Malam ta zo tsakiya. Ya karantar na rabin sa'a, ya rufe littafi, ya ce ta kawo tambayoyi.

"Wata baiwar Allah ce," in ji Zaituna. Ta karanta duka, ba ta rage ko kalma ba.

Malam ya girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki. Gara da ta tambaya tun ba a ɗaura ba. Daga wane gari take?"

"Ba ta faɗa ba, Baba."

Ya gyara zama, ya fuskanci wayar, ya yi bismilla.